Yadda Za Ka Mayar da Shagon Wanki Sirrin Tsaron Ƙasa

Kai mai ma'aikata, matso kusa. Na san abin da ke hana ka jin daɗin abinci. Kana biyan mutane albashi, kana ba su hutun Kirsimeti, har talotalo kake raba musu a ƙarshen shekara, amma har yau ba ka san abin da suke faɗa a kanka ba idan ka ba da baya. Kana so ka sani, doka ta ce ba ka isa ba. To kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari za ka ɗaure ma'aikacinka a jikin na'urar gano ƙarya, ka kama mai laifi, ka sallame shi, kuma gari ya ɗauke ka ɗan kishin ƙasa. Ban taɓa buɗe akwatin na'urata na rufe ba tare da an samu mai laifi ba, ko da kuwa ba a samu laifin ba.

Sunana Dakta Delbert Crumpler. Daktan ni na ba kaina bayan wani ɗan kwas da na yi a otal a Richmond, kuma har yau babu wanda ya zo ya karɓe. Kafin majalisa ta tsoma baki a ƙarshen shekarun tamanin, babu gidan mai ko kantin taya a wannan yanki na Virginia da ban ɗaure ma'aikatansa ba. Sai wasu mutane a Washington, waɗanda ba a taɓa sace musu ko sabulu ba, suka zauna suka yanke cewa ɗan kasuwa ba shi da ikon gwada ma'aikacinsa da na'ura. A da ina da ofis da sakatariya, yanzu ofishina shi ne bayan motata. Har gobe idan na tuna raina ɓaci yake.

Zan riƙa kafa maka misali da abokin cinikina, Mista Vernon Tackett, mai shagon wanki da guga a titin da ya nufi barikin soja. Ya bi shawarata sau da ƙafa, kuma ya ga aiki.

Mataki na ɗaya: Ka girmama abin da ke damunka

Kada ka bari kowa ya ce maka damuwarka ƙarama ce. Idan ta hana ka sukuni, to babba ce.

Vernon bai taɓa shiga soja ba, likitoci sun ce tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake. Amma kullum cikin kaki yake zuwa shago, an danna masa sitaci har wandon yana iya tsayuwa shi kaɗai. Yakan goya hannu a baya ya bi layin injinan wanki yana duba ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, yana gyaran murya. Ana nan sai wani ya raɗa masa suna Janar Sitaci. Sunan ya fita daga shago, ya shiga gidan shan kofi, ya kai gidan waya. Ranar wata Lahadi fasto yana godiya ga waɗanda suka ba da gudummawar gyaran rufin coci, sai aka ji ya ce, "Da kuma ɗan'uwanmu Janar Si... wato Mista Tackett." Coci ya ɗauki tari gaba ɗaya.

Washegari ya same ni a gidan shan kofi ina cin ƙwai da burodi.

"Dakta, so nake in san ɗan iskan da ya fara."

Na ce, "An sace maka wani abu ne? Dokar ta ɗan bar ƙofa idan an yi sata kuma kana da hujja a kan wani."

Ya ce, "An sace mini mutunci."

"Wannan ba ya cikin kayan shago, Vernon."

"To a bar su su ci bulus ke nan?"

Na goge bakina na ce masa ya biya kuɗin kofin, mu je mu karanta doka.

Mataki na biyu: Karanta dokar daga ƙasa

Gwamnati za ta aiko maka da wata sanarwa, ta ce ka manna a inda ma'aikata za su gani. Saman sanarwar ba naka ba ne, kada ka ɓata idonka. Can ne aka ce ba ka da ikon tilasta wa ma'aikaci gwajin, ba ka da ikon roƙonsa, ba ka ma da ikon yi masa shaguɓe a kai, kuma idan ya ƙi ba ka da ikon korarsa. Wanda ya karanta wannan da safe ba zai iya karya kumallo ba.

Sauko ƙasa, inda rubutun ya ƙanƙance. Nan alherin yake. Za ka ga gwamnati ta cire kanta daga cikin dokar. Ta cire harkar tsaron ƙasa. Ta sassauta wa masu motocin dakon kuɗi da masu haɗa magunguna. Wato na'urar da aka ce ba abin dogaro ba ce a kan mai sayar da taya, ita ce abin dogaro a kan wanda ke riƙe da makullin ɗakin makamai. Kada ka tsaya tambayar yadda haka ta yiwu. Manya sun san abin da suke yi, kai dai ka lura cewa kalma biyu, tsaron ƙasa, suna buɗe ƙofar da aka rufe wa kowa.

Ita kuma sanarwar, ka manna ta, kada a ce ka karya doka. Vernon ya manna tasa a bayan tukunyar tururi. Duk ma'aikacin da yake son ya san haƙƙinsa yana iya zuwa ya karanta, in dai ba ya tsoron ƙona kunnensa na hagu.

Mataki na uku: Nemo zaren da ya haɗa ka da tsaron ƙasa

Kowace sana'a tana da shi, rago ne kawai ba ya gani. Mai sayar da burodi yana ciyar da direban da ke kai wa bariki man fetur. Mai aski ya san ƙeyar manjo.

Na Vernon kuwa a fili yake. Sojoji suna kawo masa kaki. Na zaunar da shi na ce, duba nan, wanda ya san yawan wandunan da ke shigowa shagon nan a mako, ya san yawan dakarun da ke barikin. Wanda ya ga an fara kawo riguna masu kauri, ya san za a tura su ƙasar sanyi. Akwai wani kanar da har kamfansa a nan ake wankewa, wato ma'aikatanka sun san faɗin ƙugun babban hafsa, abin da abokan gaba za su kashe dukiya su sani.

Idanun Vernon suka kawo ruwa. Ya ce, "Ashe duk shekarun nan bauta wa ƙasa nake yi ban sani ba."

A nan ne ya yi kuskure ɗaya, kuma ina faɗa maka don ka kiyaye. Ya buga wa wani ɗan ƙanen babansa waya, lauya ne a Norfolk. Ina zaune ina jin muryar mutumin tana fitowa daga kan tarho:

"Vernon, ka sha wani abu ne? Wannan sassaucin na gwamnati ne, ita ce za ta yi gwajin a kan masu yi mata aikin sirri. Ba kai ba. Kai ko kwangila ba ka da ita da soja, yaran nan da dalarsu suke zuwa kamar kowa. Wane ne ma ya kitsa maka wannan..."

Na sa yatsa na katse wayar. Lauya mutum ne da kake biya don ya ɓata maka rai, kuma wannan ko biyansa ba a yi ba. Muka sayo tuta babba muka kafa a ƙofar shago, muka sa aka rubuta a ƙofar ɗakin guga: BA A SHIGA SAI DA IZINI. Kafin la'asar shagon ya fara kama da wurin da ake ɓoye wani abu.

Mataki na huɗu: Tara su, ka ce musu ku iyali ɗaya ne

Kada ka ba da umarni. Ka sayo kwalin donot, wato fanken Turawa, ka tara kowa kafin a kunna injina, ka sassauta murya. A ƙasar nan idan maigida ya kawo donot ya ce "mu nan iyali ɗaya ne," duk mai hankali ya san ya fara laluben inda ya ajiye jakarsa.

Vernon ya goya hannu a baya ya ce an samu ɓarakar tsaro a shago. Ya ce wani yana yaɗa maganganun da ke rage wa shugabanci kwarjini, kuma shagon da ke riƙe da tufafin dakarun ƙasa ba zai lamunci haka ba. Ya nuna ni ya ce ga ƙwararre ya zo da na'ura. Ya ce ba dole, wanda ya ga dama ne kawai, amma shi dai ya san mai gaskiya ba ya gudun gwaji.

Sai Rusty, direban motar kai kaya, wani ƙaton tsohon soja, ya haɗiye lomarsa ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, tambaya."

"Ina jin ka."

"Na yi soja, an ba ni bindiga, an ba ni gurneti, ba wanda ya taɓa ɗaure ni a na'ura. Yanzu don ina dakon kamfai za a ɗaure ni?"

"Maganar tsaro ce, Rusty."

"To ni dai ba na yi. Na ƙona kunnena na karanta takardar can ta bayan tukunya. In kuma kora ce, a faɗa mini yanzu, akwai mai kamfanin giya da ke ta roƙona in ja masa mota." Ya ƙara ɗaukar donot ya sara wa Vernon irin ta sojoji, ya fita.

Kada ka bi irin wannan. Mutumin da ba shi da mata, ba shi da mara lafiya, kuma yana da lasisin babbar mota, ba a gwada shi. Zai sa ka asarar takarda, kuma shi ne irin wanda ya san lambar wayar ma'aikatar ƙwadago.

Mataki na biyar: Zaɓi wanda ba zai iya cewa a'a ba

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar, ka karanta shi sau biyu. Doka ta ba kowane ma'aikaci ikon ƙin gwaji. Aikinka shi ne ka duba cikin ma'aikatanka ka ga wanda wannan ikon ya yi wa tsada.

A shagon Vernon ba a sha wahalar nema ba. Odessa Mabry ce mai guga, dattijuwa, tun kafin gashinta ya yi fari take tsaye a gaban teburin nan. Mijinta Clifton ƙodarsa ta daina aiki. Ita tana wankin kayan soja, asibiti yana wankin ƙodar mijinta. Gwamnati tana ɗaukar wani kaso na kuɗin, amma saura da magungunan duka inshorar lafiya ta wurin aikin Odessa ce ke biya, kuma sauran nan ya fi ƙarfin gidansu nesa ba kusa ba. Ranar da aikin ya tafi inshorar ta tafi, kuma babu kamfanin da zai karɓi mutum da tsohon ciwo irin na Clifton. Kowa a shagon ya san haka, Vernon ma ya sani, don shi ke sa hannu.

Hujja kuma akwai. Vernon ya ce ya taɓa wucewa ya gan ta tana fesa wa wata riga sitaci tana murmushi ita kaɗai.

Ya same ta cikin tururi, ni ina gefe.

"Mis Odessa, kin ji abin da na ce. Ba dole ba ne fa."

"Na ji, yallaɓai."

"Yaya jikin Clifton?"

"Yau ma yana asibiti, ƙanwarsa ce ta kai shi."

"Allah ya ba shi lafiya. Wata mai kamawa ne za mu sabunta inshora, ko ba haka ba? Kai, abin nan yana cin kuɗi. Ni dai ina ƙoƙari saboda ku." Ya ɗan kakkaɓe hannun rigarsa. "To, yaya kika gani game da gwajin?"

Ta ajiye dutsen gugar a hankali ta ce, "Duk lokacin da ka ce, yallaɓai."

Ka ga yadda ake yi? Bai tilasta ba, bai roƙa ba, gaisuwar mara lafiya kawai ya yi. Da yardarta ta zo.

Mataki na shida: Fara gwada na'urar a kan wanda ka amince da shi

Don a nuna wa ma'aikata cewa ba a nuna bambanci, ka fara da na gida. Mu mun fara da Darlene, matar Vernon, wadda ke zama a bakin kantar shagon tana karɓar kuɗi. Ta zauna tana taunar cingam, na ɗaura mata robobin numfashi a ƙirji da ciki, na naɗa mata abin awon jini a dantse, na maƙala mata ƙarafunan gumi a yatsu. Allurai suka fara zane a kan takarda mai tafiya.

"Ke kika raɗa wa mijinki suna?"

"A'a."

Layi ya tafi samɓal.

"Kin taɓa yi masa ƙarya?"

"Haba Delbert. Ni?"

"E ko a'a za ki ce."

"A'a."

Samɓal. Na tambaye ta shekarunta, ta faɗi wani adadi, alhali ajinmu ɗaya da ita a sakandare. Allura ko gezau. Vernon ya sumbaci goshinta ya ce dama ya sani, ya fita kiran Odessa. Ina kwance mata robobin ta sunkuyo ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Tsakani da Allah, Delbert, sunan bai zauna masa ba? Muna cin abinci ya faɗo mini, na kusa shaƙewa."

Ga ƙa'ida, ka riƙe ta da kyau: duk abin da aka faɗa bayan an kwance robobi ba kimiyya ba ne, hira ce. Ƙwararre ba ya kawo hira cikin rahoto, musamman idan matar ce ke rubuta cakin biyansa.

Mataki na bakwai: Shirya ɗaki, ka bar shiru ya yi aikinsa

Ɗakin ya zama ƙarami, babu taga, babu hoto a bango. Kujerar ta kalli bango, kai kana bayanta. Kada ka yi sauri. Ka daɗe kana gyara wayoyi, kana ɗan cewa "hmm" ba tare da dalili ba.

Odessa ta shigo ta cire rigar aikinta ta ninke ta ɗora a cinya. Da na zo maƙala mata ƙarafuna na ga yatsun duk tabon ƙuna ne. Ta ce, "Dakta, ina da hawan jini. Ba zai ɓata abin ba?"

Na ce, "Na'ura ta san bambanci, Madam." Haka ake cewa.

Ana farawa ne da tambayoyin da ba su da haɗari, don a ga yadda jikin mutum yake idan yana faɗin gaskiya, sannan a gwada da sauran.

"Sunanki Odessa Mabry?"

"E."

Allurar jini ta yi tsalle ta kusa barin takarda. Ta gumi ta bi ta. Na dubi takardar na dubi ƙeyarta.

"A jihar Virginia muke yanzu?"

"E." Ta ƙara da cewa, "Na faɗi daidai, ko?"

"E ko a'a kawai, Madam."

Allurai suka ci gaba da hauka. Na tambaye ta ko ita ta raɗa wa Mista Tackett suna, ta ce a'a, suka yi tsalle. Na tambaye ta ko ta taɓa kiransa da sunan, ta ce a'a, suka yi tsalle. Na tambaye ta ko ta taɓa yin dariya da aka faɗa. Ta ce, "Sau ɗaya. Ban yi da ƙarfi ba. Don Allah, Dakta, kada ka rubuta wannan."

Na ce mata ba ni nake rubutawa ba, allura ce.

Mataki na takwas: Kada ka taɓa cewa ba a gane ba

A kwas ɗinmu sun koya mana cewa idan allura ta yi rawa a kan kowace tambaya, har da sunan mutum, to sakamakon shi ne ba a gane ba. Wai tsoro na'urar take aunawa, kuma mai tsoro da maƙaryaci zane ɗaya suke yi. Wannan karatun aji ne. A kasuwa babu mai biyanka don ka ce masa ba ka gane ba.

Na leƙa na kira Vernon. Ya shigo da hannu a baya, na shimfiɗa masa takardar tun daga farko, Odessa tana zaune a ɗaure tana kallon bango.

"Wannan dutsen da allura ta zana fa, Dakta?"

"Nan ne na tambaye ta sunanta."

"Sunanta?" Ya ja da baya. "Kana nufin ko sunan ma..."

Na ce, "Ni dai abin da takarda ta nuna nake faɗa."

Ka lura da wannan jimlar, ka haddace ta. Ba ka ce komai ba, kuma ka gama magana.

Vernon ya zagayo gabanta. Ya ce mutumin da na'ura ba ta yarda da sunansa ba, ba za a bar shi da wandon kanar ba. Ya ce daga yau an janye mata izinin shiga ɗakin guga, kuma tunda babu wani aikin sai a ɗakin guga, ta karɓi albashinta na mako a wurin Darlene.

Ta ce, "Yallaɓai, tun ɗanka yana rarrafe a ƙarƙashin teburin can nake maka guga. Ba ka san sunana ba?"

"Na ɗauka na sani."

"To ka bar ni in kai ƙarshen wata mai zuwa, a sabunta inshorar. Ko shara ce zan yi. Ba don ni ba, ka san Clifton ba zai iya tsallake wankin nan ba."

"Odessa, kin san da ni ne da ba haka ba. Maganar tsaro ce, ta fi ƙarfina."

Wannan ita ce fa'idar kalmar. Da ka ce ka kore ta don ta yi dariya, gari zai zage ka. Da ka ce tsaro ne, sai kowa ya gyaɗa kai ya rage murya. Kada ka ji tsoron za ta kai ƙara. Tana da haƙƙi, ƙwarai kuwa, amma ƙara tana son lauya da lokaci da zirga-zirga, ita kuwa rabin makonta a ɗakin jira na asibiti yake ƙarewa.

Mataki na tara: Ku rabu da mutunci, kuma kada ka kashe na'urar tukuna

Ni ban kashe tawa ba, don hankalina yana kan Vernon. Da na waiwaya sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Allurai sun kwanta. Numfashi yana tafiya a tsanake, jini ya sauka, gumi ya tsaya. Wasu za su ce abin da take tsoro ya riga ya faru, shi ya sa babu sauran abin da zai motsa ta. Ni ba likitan zuciya ba ne, na ɗauka dai na'urar ce ta gama ɗumama.

Vernon mutum ne mai tarbiyya, ba zai sallami dattijuwa bai tambayi lafiyarta ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara kwalar rigarsa.

"Za ku iya dai, ko? Ke da Clifton. Ba wata matsala?"

A garin nan ko motar asibiti ce ta ɗauko ka, idan aka ce yaya kake, amsa ɗaya ce. Uwarka ta koya maka ita tun kafin ka iya ɗaure takalmi. Odessa ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce:

"Lafiya lau, yallaɓai. Ba komai. Clifton ma lafiyarsa ƙalau. Na gode."

Layin ya tafi a miƙe kamar karin guga. A duk zaman nan ita ce magana ɗaya tak da na'urar ta gaskata.

Ba zan ɓoye maka ba, tausayinta ya kama ni lokacin da nake kwance mata robobin, har na kasa haɗa ido da ita. Amma tausayi ba ya fitowa a takarda, kuma ba a ɗaure ni a na'urar ba. Ta ɗauki rigar aikinta, ta duba ta, ta ajiye a kan kujera tunda ta shago ce, ta fita ta ƙofar baya.

Na yage wannan gutsuren takardar na miƙa wa Vernon. Na ce ga shaida, kimiyya ta tabbatar babu abin da zai same su. Ya yi ajiyar zuciya ya ce wallahi har ya ji sanyi, don shi ba ya son ya cuci kowa. Kai ma ka nemi irin wannan gutsuren ka adana, yana taimakawa wajen barci.

Sanarwar wanke hannu

Duk abin da ka karanta a nan nasiha ce ta kyauta, kuma Dakta Delbert Crumpler, da akwatinsa, da motarsa, ba su da alhakin abin da zai biyo baya. Idan jami'an ƙwadago suka zo da tara, ban san ka ba. Idan alƙali ya tambaye ka wanda ya ce maka shagon wanki barikin soja ne, ka ce a mafarki ka gani. Idan sabuwar mai gugar ta ƙona rigar kanar, tsakaninku ne. Idan ka wuce wani ɗan gida a bayan layin dogo ka ga an kafa allon sayarwa a gabansa, harkar gidaje ce, ba fannina ba ne.

Idan kuma wata rana kana tuƙi ka haɗu da motoci a jere, fitilunsu a kunne da rana tsaka, sun nufi maƙabarta, ka kauce gefen titi ka tsaya kamar yadda kowa ke yi, ka cire hularka har su wuce. Kada ka tambayi ko wane ne, kuma kada ka buga mini waya. Matar da bakinta ta ce lafiya lau, allura kuma ba ta motsa ba.